Abin da ya sa ba ma kashe sabunta manhaja, da abin da ya sa ba ma sakin ta gaba ɗaya

Ɗana, jiya da yamma muna rufe ofis ka tambaye ni abin da na san ya daɗe yana cin ka. Ka ce, "Maigida, me zai hana mu kashe sabunta manhajar nan gaba ɗaya mu huta? Duk wata sai an canza wani abu, abin da na koya a watan jiya ya bar wurinsa, kuma idan ma'aikata suka rasa inda maɓalli ya koma ni suke yi wa faɗa." Na ce ka bari sai na zauna, domin amsar ba ta tsaye a bakin ƙofa ba ce.

Gajiyar da kake ji gaskiya ce, kuma ban ga laifinka ba. Na fara wannan aiki a zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001 kuma kamfanin Microsoft ya ci gaba da kula da ita har watan Afrilu na 2014. Mutum yana iya koyon ta sau ɗaya ya yi shekara goma yana cin abinci da ita. Na ga ranar da Office 2007 ta zo ta kwashe jerin umarnin da kowa ya haddace ta shimfiɗa su cikin wani faffaɗan zani a saman allo, sakatarori masu shekara ashirin a bakin aiki suka koma suna lalube kamar sababbin ɗauka. Na ga Windows 8 a 2012 ta cire maɓallin farawa da ke kusurwar hagu, mutane suka yi ta ƙorafi har aka dawo da shi a shekarar da ta biyo baya. Ko sunaye ma ba su tsira ba, domin abin da muka saba kira Azure Active Directory, wato tsarin Microsoft da ke riƙe sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, an sake masa suna Entra ID a 2023, aikinsa bai canza ba, amma duk takardun koyarwa da muka rubuta sai da muka bi su muka gyara. Saboda haka idan ka ce wani canjin ba shi da amfanin da ya wuce ɓata wa mai aiki lokaci, ina tare da kai.

Inda na rabu da kai shi ne ka haɗa abu biyu ka ba su suna ɗaya. Akwai canjin fuska, wanda kamfani ke yi don kasuwarsa, akwai kuma faci, irin wanda mai gyaran taya ke liƙawa a inda ƙusa ta huda. Kowace manhaja tana da ɓaraka da masu rubuta ta ba su gani ba, kuma masu kutse suna neman waɗannan ɓarakoki dare da rana. Tun 2003 Microsoft ke fitar da facinta a ranar Talata ta biyu a kowane wata, wanda a agogonmu yakan iso wajen magariba. Abin da sabon shiga bai cika lura da shi ba shi ne, ranar da aka fitar da faci ita ce ranar da aka sanar da duniya inda ramin yake, domin mai kutse yana iya kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa ya gane abin da aka toshe, sannan ya tafi neman waɗanda ba su toshe ba tukuna.

Ka riƙe labarin WannaCry da kyau, domin shi ne amsar rabin tambayarka. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a hanyar da kwamfutoci ke musayar fayil a tsakaninsu. Wata biyu bayan haka, ranar Juma'a 12 ga Mayu, wata muguwar manhaja, wato WannaCry ɗin, ta bi ta wannan ɓaraka ta shiga kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa na dala 300 a kuɗin intanet na Bitcoin. Ba ta jira wani ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Asibitocin gwamnati a Ingila suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, har aka soke dubban ganin likita da aka tsara. Maganin yana nan ajiye tun wata biyu, ba a sha ba ne kawai, kuma na tabbata a yawancin wuraren akwai wani ma'aikaci irinmu da ya gaji da sabuntawa ya ce a bari sai an samu sarari.

To, kada ka ɗauka ina cewa duk abin da ya sauko daga intanet a sake shi ya shiga kowace kwamfuta nan take. Ranar 19 ga Yuli 2024, ita ma Juma'a ce, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil na sabuntawa zuwa ga masu amfani da manhajarsa ta Falcon, fayil ɗin yana da kuskure, sai kwamfutoci suka riƙa nuna shuɗin allo suna kashe kansu suna tashi ba iyaka. Microsoft ta ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Jiragen sama sun kasa tashi, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin sun tsaya. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda aka yi gyaran, domin kwamfutar da ba ta tashi ba, ba za ka iya aika mata magani daga nesa ba. Dole ma'aikaci ya je gabanta, ya tayar da ita ta hanyar gyara, ya goge fayil ɗin da hannunsa, idan kuma an kulle faifan ajiyar kwamfutar da BitLocker, wato makullin da ke cikin Windows, sai ya nemo mabuɗin nan mai lamba 48 ya buga shi ɗaya bayan ɗaya. Ka lissafa wannan sau dubu biyar a kamfani guda. Daga baya kamfanin CrowdStrike da kansa ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan fayil kashi-kashi, ya kuma ba abokan cinikinsa ikon zaɓar lokaci.

Wannan kashi-kashin shi ne sana'armu, kuma ni ban koye shi daga littafi ba. Shekarun baya, a wani wuri da na yi aiki, na saki sabuntawa ga dukkan kwamfutocin ofis a daren 27 ga wata, ina ganin na yi abin kirki. Da safe manhajar da akanta ke lissafin albashi da ita ta ƙi buɗewa. Ba ni da kwafin yadda kwamfutar take kafin canjin, ban rubuta abin da na saka ba, mai sayar mana da manhajar kuma bai ɗauki waya ba sai bayan azahar. Albashin mutane ya yi jinkirin kwana biyu, kuma a kwana biyun nan ko masinja ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Laifin nawa ne, domin na fafe gora ranar tafiya.

Tun daga lokacin nake bin tsarin da kake gani a nan, wanda wataƙila ka ɗauka tsufa ne ke sa ni jan ƙafa. Idan faci ya fito daren Talata, ranar Laraba kwamfutocinmu na sashen nan kaɗai ke karɓa, domin idan abu zai fashe gara ya fashe a hannun wanda ya san gyara. Idan an kwana biyu lafiya, sai mu ba mutum ɗaya ko biyu a kowane sashe, waɗanda muka san za su kira mu su faɗi abin da suka gani dalla-dalla, ba waɗanda za su ce "ta lalace" su ajiye waya ba. Sauran jama'a sai mako mai zuwa. Sashen kuɗi ba a taɓa shi daga 25 ga wata har a biya albashi, ba a kuma sakin komai ranar Juma'a, sai idan ɓarakar ta kasance wadda aka tabbatar masu kutse sun riga sun fara shiga ta cikinta, wannan kam ko ranar Sallah ce za ka gan ni a ofis. Kafin kowane mataki kuma akwai tambaya guda da nake so ta zame maka jiki: idan wannan ya ƙi, ta wace hanya zan koma inda nake jiya, kuma na taɓa gwada hanyar? Kwafin ajiya da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ni ban lissafa shi cikin abin da muka mallaka.

Akwai nauyin da ya fi faɗo mana a nan fiye da masu rubuta manhajar. Su suna ɗauka kowa yana da intanet mara yankewa da wuta mara ɗaukewa, mu kuwa mun san abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke a tsakiyar sabuntawa kafin a tayar da janareto. Shi ya sa muke sauke faci sau ɗaya a kan sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, su kuma su ɗauka daga gare ta, maimakon kwamfuta sittin kowace ta ci data don abu ɗaya. Ga kuma batun Windows 10, wadda aka daina ba ta faci kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 da ta gaje ta tana buƙatar guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa ba, galibi daga ƙira ta takwas ta kamfanin Intel zuwa sama, alhali yawancin kwamfutocin da ake saye na hannu a kasuwanninmu sun girmi haka ko da yake suna aiki sumul. Kamfanin da ke son ci gaba da samun facin Windows 10 sai ya biya dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara har uku. A ganina wannan tsada ce da aka ɗora wa wanda bai yi laifin komai ba, amma fushina ba zai toshe ɓaraka ko ɗaya ba, saboda haka aikinmu shi ne mu kai wa shugabanni lissafi a rubuce tun da wuri, su zaɓa tsakanin biya da sauya na'ura.

Game da kukanka cewa abin da ka koya yana tsufa, ka duba me kake koyo. Idan wurin da maɓalli yake ka haddace, to kowace shekara za a mayar da kai aji ɗaya. Idan kuwa ka fahimci yadda kwamfuta ke samun adireshinta a kan hanyar sadarwa, yadda suna ke komawa lamba, yadda ake ba mutum izinin buɗe fayil ko a hana shi, da yadda ake karanta rajistar da na'ura ke rubuta kurakuranta a ciki, za ka ga waɗannan ba su canza sosai ba tun ranar da na fara, riga kawai ake sauya musu. Ma'aikatan da ke yi maka faɗa kuma, yawancinsu ba canjin ne ke ɓata musu rai ba, zuwan sa ba sallama ne. Saƙo na layi uku kwana biyu kafin lokaci, da hoton inda abin ya koma, yana rage kiran waya fiye da yadda kake zato.

Talata mai zuwa ita ce ta biyu a wata, kuma wannan karon kai za ka jagoranta. Ka karanta bayanin facin da daddare, ka ware waɗanda aka ce an riga an fara kutse ta ɓarakarsu, ka buɗe littafin canje-canje ka rubuta kwanan wata da abin da za ka saka da yadda za ka cire shi. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin teburina ka dawo da kwafin ajiyar makon jiya a kanta, ka kira ni in ga manhajar albashi ta buɗe da idona.