Ɗan majalisarmu ya fitar da takardar ayyukan shekara, ana so mu sa hannu a wasiƙar godiya. Ta ina zan gane ya yi aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa Hausawa a nan Legas, kayan gwari da hatsi muke sayarwa. Satin da ya wuce yaran ɗan majalisar wakilanmu na tarayya suka kawo mana wata takarda mai hotuna ta ayyukan da ya yi a shekara, akwai rabon shinkafa da azumi, kekunan ɗinki, fom ɗin JAMB kyauta, fitilun sola da rijiyar burtsatse guda biyu, sai kuma wai ya gabatar da ƙudurori a majalisa. Suna so shugabanninmu su sa hannu a wasiƙar godiya da mubaya'a. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don rijiyar da ke kusa da mu wata biyu kawai ta yi ta daina ba da ruwa, kwatar layinmu kuma duk damina sai ta shigo mana shaguna. Da na yi magana dattawa suka ce in yi shiru, mu baƙi ne, mutum ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya taimake mu, kar mu yi butulci a cire mu a lissafi. Don Allah ta yaya zan gane ko ya yi aiki, kuma in mun ƙi sa hannu akwai abin da zai same mu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na cire sunan ɗan majalisar da na mazaɓar daga saƙonka, saboda irin wannan takardar tana yawo a Agege, tana yawo a Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, ba matsalar mutum ɗaya ba ce.

Bari in fara da tsoron da na ji a cikin maganarka. Ƙin sa hannu a wasiƙar godiya ba laifi ba ne a kowace doka, kuma ku ba baƙi ba ne. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko addini ko garin da ka fito. Na san zaman kasuwa sai da lallami, kuma dattawan nan sun ga abubuwan da kai ba ka gani ba, kar ka raina tsoronsu. Amma akwai hanyar da za a yi tambaya cikin ladabi, a ƙungiyance, a rubuce, ba tare da an zagi kowa ba.

Toh ta ina ake gane aikin ɗan majalisa? Ka riga ka san aikinsa doka ne da kasafin kuɗi da sa ido a kan ma'aikatu da kai kukan mazaɓa, ba sai na tsaya karanto maka ba. Abin da za ka duba shi ne, na farko yana zuwa zama kuwa? Sashe na 63 ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 68 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zaman ba tare da uzuri ba kujerarsa ta faɗi. Zaman nan ana nuna shi kai tsaye a YouTube, Talata zuwa Alhamis, ka ga ko ya taɓa miƙewa ya ambaci mazaɓarku. Sannan ƙudurorin da aka rubuta a takardar, ka tambaye su moshan ne ko ƙudirin doka, don moshan ko an amince da shi kira ne kawai ga gwamnati, ba dole ta yi ba. In ƙudirin doka ne a ina ya tsaya? Karatun farko suna kawai ake karantowa, kowa na iya tara guda ashirin. Wanda ya wuce karatu na biyu, ya je kwamiti, aka saurari jama'a, majalisar dattawa ma ta amince, shugaban ƙasa ya sa hannu, wannan ne aiki. Ka kuma tambaya wane kwamiti yake, wace ma'aikata suka bincika, ƙorafi nawa na 'yan mazaɓa ya gabatar a zauren majalisa, ofishinsa na mazaɓa a buɗe yake ko sai lokacin zaɓe ake share shi.

Yanzu ga maganar da ta fi ci min rai, wadda kullum sai na ji ta a bakin mutanenmu, wai ya ciro daga aljihunsa ya taimake mu. Wallahi ɗan uwa wannan magana ta cuce mu fiye da yadda muke zato. Rijiyar burtsatse, fitilar sola, taransifoma, ajujuwan makaranta, yawancin kekunan ɗinki da injinan markaɗen da ake rabawa da sunan tallafi, waɗannan ayyukan mazaɓu ne, kuɗinsu na cikin kasafin kuɗin gwamnatin tarayya. Tun zamanin Obasanjo aka fara tsarin, kuma an shafe shekaru ana ware naira biliyan 100 duk shekara a raba tsakanin sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Yadda yake a ƙa'ida, ɗan majalisa ya zaɓi aikin da wurin da za a yi, a saka shi a ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma, ita ce za ta ba da kwangila ta biya ɗan kwangila. Shi ba mai kuɗin ba ne, ba kuma ɗan kwangila ba ne. Kuɗin daga ina? Daga mai, daga kwastan, daga harajin VAT na kashi 7.5 da ake cira duk lokacin da ka sa kati ko data a wayarka. Kamar adashi ne, kai ke zubi kullum, ranar kwasarka ta zo uwar adashi ta miƙo maka kuɗinka sannan ta ce ka rubuto mata wasiƙar godiya don ta yi maka kyauta.

Ba na cewa ba wanda ke taɓa aljihunsa, akwai masu biyan kuɗin asibiti da na makaranta da nasu, Allah Ya saka musu. Amma ko nan ma ka tuna a 2018 Sanata Shehu Sani ya fito ya faɗa cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis, ban da albashi, kuma 'yan majalisar wakilai ma suna da nasu kason. Wato aljihun ma baitulmali ne ke cika shi.

Me ya sa nake ta nanata wannan har kamar na cika surutu? Saboda mutumin da ya ɗauka kyauta aka ba shi ba ya iya tambaya. In kyauta ce, rijiya ta mutu bayan wata biyu sai ka ce ai an gode da wanda aka samu. In kuwa ka san kuɗinka ne, za ka ce nawa aka ware, wa aka ba kwangilar, mita nawa aka ce a haƙa, nawa aka haƙa, wa ya sa hannu cewa an gama lafiya aka biya kuɗi. A wannan shirun ne ɓarnar take ɓuya. Marigayi Shugaba Buhari da kansa ya faɗa a Nuwamban 2019, a wani taron hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, cewa an ware kusan naira tiriliyan 1 a shekara goma don ayyukan mazaɓu amma talaka bai ga amfanin da ya kai kuɗin ba. A shekarar ce ICPC ta fara bin sawun ayyukan nan, ta ƙwato taraktoci da kayan asibiti da aka sayo da kuɗin gwamnati aka killace ba a raba ba. A 2025 kuma ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi, wadda a nan Legas take, ta ce ta gano ayyuka sama da 11,000 na wajen naira tiriliyan 6.9 da majalisa ta cusa a kasafin shekarar. Kuma sai ka ga an saka aikin fitilun titi a ƙarƙashin kwalejin aikin gona ko cibiyar bincike da ba ta da injiniyan wuta ko ɗaya, ta yaya aikin zai yi ƙarko? Shi ya sa ma aka fi son rabon kaya da bita fiye da gini, gini ana iya zuwa a auna shi, amma keken ɗinki 500 da aka ce an raba wa ya ƙirga? Ka ga mutum ya karɓi buhun shinkafa ƙarami yana ta addu'a har da hawaye, alhali abin da aka rubuta da sunan unguwarsu ya isa gyara makarantar da 'ya'yansa ke zama a ƙasa, wannan abu yana ƙona min zuciya.

Sai kuma dillalai, su ne suka fi ba ni haushi. Kowace unguwar Hausawa a Legas akwai masu yawo da katin gaisuwa, wannan shugaban matasan Arewa, wancan kodinetan al'ummar Arewa, ba wanda ya zaɓe su, su je wajen Onarabul su ce muna da mutum dubu kaza a hannu, su karɓo kason, su rabar da kashi ɗaya bisa huɗu su sayar da sauran, sannan su dawo su ce muku in kun yi magana za a cire ku a lissafi. Su ne ke yaɗa jita-jitar nan don da ita suke cin abinci. Sau da yawa shi ɗan majalisar bai ma san rijiyar ta mutu ba. Ban haɗa da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa na gaskiya ba, waɗanda ke kwana ofishin 'yan sanda don belin yaranmu.

Game da rijiyar, ka je ka ɗauki hoton allon da aka kafa, yawanci akwai sunan hukumar da ta ba da aikin da na ɗan kwangila. Ka duba shafin Tracka na BudgIT ko aikin na ciki da kuɗin da aka ware. Ƙungiyarku ta rubuta wa hukumar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Na san za su yi ta muku je ka dawo, oga ba ya nan, fayil na sama, kar ku gaji, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku aika kwafi ofishin ɗan majalisar, in shiru ta yi yawa ku kai wa ICPC.

Kwatar layinku kuwa, gaskiya ba aikin ɗan majalisar tarayya ba ce kai tsaye. Kasuwa da tasha da ƙananan tituna da magudanansu tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma ne, a Legas akwai 20 da kuma yankunan raya ƙasa, wato LCDA, guda 37, manyan magudanai na ma'aikatar muhalli ta jiha ne a Alausa. Kansila da ciyaman za ku fara kamawa. Kuma ina roƙon mutanenmu su daina mantawa da majalisar jiha mai kujeru 40, don dokokinta ne ke taɓa cikinmu kai tsaye. Dokar sufuri ta 2018 ita gwamnati ta riƙe ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yunin 2022, a Satumba aka ƙara 4 har da Mushin da Kosofe. Dokar hana kiwon sake a 2021 aka yi ta. Dokar haya ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, mutum nawa cikinmu suka san da ita? Lokacin da ake sauraron jama'a a kan irin waɗannan dokoki mu nawa muka je muka yi magana? Majalisar jihar na shirya taron masu ruwa da tsaki a mazaɓu, ku nemi ranar ku je da takardarku.

Kar wani ya ruɗe ku da maganar kiranye, sashe na 69 na buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, har yau ba ɗan majalisar tarayyar da aka taɓa cirewa ta wannan hanya, na Sanata Dino Melaye a 2018 tun a wajen tantance sa hannu ya rushe. Ƙarfinku yana katin zaɓe, kuma nan ne muke da rauni, mutum ya shekara ashirin a Legas, nan 'ya'yansa ke makaranta, nan yake biyan tikiti kullum, amma katinsa na Kano ko Sakkwato ko Katsina, zaɓe ya zo ya hau mota ya tafi gida. Ɗan siyasa rajistar rumfa yake dubawa. INEC na ba da damar mayar da rajista inda kake zaune duk lokacin da aka buɗe rajistar masu zaɓe, ku sa wannan a ajandar taronku na gaba.

Su kuma dattawa ka same su a keɓe, ba a gaban yara ba, ka ce Baba ba cewa na yi kar a gode ba, amma sa hannu shaida ce, kuma shaida amana ce da Allah zai tambaye mu, ba za mu rubuta cewa rijiya na ba da ruwa ba alhali matanmu na sayen jarka wajen 'yan garuwa. Ku rubuta wasiƙar da kanku, ku yaba fom ɗin JAMB in da gaske yaranku sun samu, ku faɗi ranar da rijiyar ta tsaya, ku nemi jerin ayyukan mazaɓar na bana da kuɗin kowanne da hukumar da ke riƙe da shi, ku gayyace shi ya zo kasuwa da kansa ya zauna da ku. Maganar mubaya'a kuma ku ce sai kun ga amsa.