Tambaya da Amsa: Waya Ɗaya, Shafuka Barkatai

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan makon daga masu fama da shafukan sada zumunta fiye da ɗaya ne. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra. Ina da shafi a Facebook, Instagram, TikTok da X, ga kuma WhatsApp. Kafin in gama ɗora kaya a duka rana ta yi, wani shafin kuma sai ya yi wata ban leƙa shi ba. Ina mafita?
*Mai turare, Maiduguri*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mafita ta farko ita ce ragewa, don taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Daga yau duk wadda ta sayi kaya ki tambaye ta inda ta fara ganinki, ki rubuta amsar a gefen littafin ciniki. Bayan wata guda ki ƙirga. Galibi wuri biyu ne ke kawo kuɗi, sauran cinye data kawai suke yi. Ki ba waɗannan biyun ƙarfinki. Sauran kada ki goge su, domin in kin saki sunan wani zai iya ɗauka ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunanki. Ki bar rubutu ɗaya a saman kowanne mai nuna inda ake samunki.

Facebook da Instagram ana iya tafiyar da su daga wuri ɗaya da manhajar Meta Business Suite, kuma kyauta ce. Sharaɗi biyu ne: Instagram ɗinki ya zama na sana'a (ana sauya shi a cikin saiti ba tare da biyan komai ba), sannan a haɗa shi da shafin kasuwanci na Facebook, ba asusunki na kanki da kike hira da dangi ba. In an haɗa, za ki iya rubuta abu sau ɗaya, ki zaɓi wuraren biyu, ki sa masa rana da lokacin da zai fita. Ki ware rana ɗaya a mako, ki ɗauki hotuna goma zuwa goma sha biyu da hasken safe kusa da taga, ki rubuta bayanin kowanne da farashinsa, ki jera su na kwana bakwai. Amma ki riƙa dubawa, domin idan kin canza kalmar sirri haɗin yakan tsinke, abin da kika tsara ya ƙi fita ke kuma kina nan kina zaton ya fita.

Kada ki kwafi rubutu ɗaya ki watsa ko'ina yadda yake. A Instagram, adireshin intanet da aka sa a ƙarƙashin hoto ba ya latsuwa. Wurinsa bayanin da ke saman shafi, inda ake iya sa har guda biyar. A X, asusun kyauta haruffa 280 kawai yake ɗauka. Bidiyo kuwa, kada ki sauke shi daga TikTok ki kai Instagram, saboda yana fitowa da tambarin TikTok, kuma tun 2021 Instagram ta faɗa cewa tana rage yaɗa irin wannan. Ki gyara shi a waya, ki ajiye asalin, ki ɗora wa kowane shafi daga asalin. A ɗauka a tsaye, girman 1080 da 1920, rubutun farashi kuma ya zauna a tsakiya, don maɓallan manhaja suna rufe gefen dama da ƙasa.

Manhaja ba za ta amsa miki masu saye ba, wannan sai ke da kanki. Ki sa wa kanki lokaci biyu a rana, misali bayan azahar da bayan isha'i, ki rubuta hakan a saƙon tarba na WhatsApp Business don mai saye ta san yaushe za ta ji daga gare ki. Lambar asusun banki, kuɗin kai kaya da jerin farashi, ki ajiye su a cikin amsoshin gaggawa; da kin latsa alamar / sai su fito.

Ina son raba WhatsApp na shago da na gida a waya ɗaya. Abokina ya ce in sauke GB WhatsApp. Ya halatta?
*Mai shagon kayan waya, Kano*

Malam, ka bar GB ɗin nan. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi shi ba, ba a Play Store ake samunsa ba, ba wanda zai ba ka tabbacin inda saƙonninka suke bi, kuma ana rufe lambobin da aka gano suna amfani da shi. Lambar shago da kwastomomi suka sani ta fi ƙarfin wannan caca.

Hanya mafi sauƙi: WhatsApp na yau da kullum a kan layin gida, WhatsApp Business a kan layin shago. Suna zama tare a waya ɗaya lafiya lau, muddin kowanne da lambarsa, don lamba ɗaya ba ta aiki a duka biyun lokaci guda. Tun Oktoban 2023 ma, a wayoyin Android ana iya ƙara asusu na biyu a cikin manhaja ɗaya. Mu dai mun fi ba mai shago shawarar Business, saboda tana da kundin kaya mai ɗaukar har 500 da alamomin rarrabe wanda ya biya da wanda ake bi bashi.

In yaron shago zai riƙa amsa saƙo, kada ka ba shi sim. Ka haɗa wayarsa ta sashen na'urorin da aka haɗa, wanda ke ɗaukar har huɗu. Ranar da ya bar aiki, latsawa ɗaya ka cire shi. Ka sani fa, idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a kanta ba, sauran za su fita da kansu.

Wani ya kira ni ya ce daga zauren makarantarmu yake, za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambobin da suka shigo wayata. Ina karantowa WhatsApp ɗina ya fita. Yanzu ana roƙon kuɗi da sunana. Ina tsoron kada ya kai ga Facebook da sauran.
*Malamar firamare, Katsina*

Allah ya kiyaye gaba, Malama. Lambobi shidan nan su ne mabuɗin asusunki, kuma babu wani taro ko zaure da yake buƙatarsu. Tunda layin yana hannunki, abin mai gyaruwa ne.

Ki buɗe WhatsApp, ki sa lambarki, ki nemi sababbin lambobi shida ta saƙon tes. Da zarar kin shigar da su, an fitar da ɓarawon. Wani lokaci za ki ga an ce ki jira, har na wasu sa'o'i, saboda an yi ta gwada lambobi ba daidai ba; ki jira lokacin ya cika, yawan gwadawa ƙara tsawaita shi yake yi. Idan bayan haka aka nemi wata lambar sirri da ba ke kika sa ba, shi ne ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A nan sai kin yi haƙurin kwana 7 kafin ki shiga ba tare da ita ba, amma a tsawon kwanakin shi ma yana waje. Tsofaffin hirarrakinki ba su je hannunsa ba, tunda a wayarki suke; abin da ya samu shi ne zaurukan da kike ciki da saƙonnin da suka shigo bayan ya shiga. Kafin duk wannan, ki kira mutum biyu ko uku su sanar a zauruka da sitatus cewa kada kowa ya tura kuɗi, don a sa'o'in farko ake yin ɓarnar.

Da kin dawo, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu da kanki, ki haɗa da imel, sannan ki duba na'urorin da aka haɗa ki cire duk wadda ba ki sani ba.

Game da sauran shafukan, ki fara da imel, domin duk wanda ya riƙe imel ɗinki zai iya sauya kalmar sirrin kowane shafi da kika buɗe da shi. Ki ba shi kalmar sirri mai tsawo wadda ba ki yi amfani da ita a ko'ina ba. Lambar waya, shekarar haihuwa da sunan ɗan fari su ake fara gwadawa. Kowane shafi da tasa kalmar. In haddacewa ta yi wuya, ma'ajiyar kalmomin sirri ta Google da ke cikin wayar ko manhajar Bitwarden za su riƙe miki. Sannan ki kunna mataki na biyu a Gmail, Facebook da Instagram. Manhajar Google Authenticator ta fi saƙon tes aminci, saboda layi yana iya suɓucewa. Kowanne cikin shafukan ukun zai ba ki lambobin ko-ta-kwana (Google da Facebook goma-goma suke bayarwa). Ki rubuta su a takarda ki adana tare da takardunki na makaranta, kada ki bar su a hoto cikin wayar da za a iya sacewa.

Layin da kansa abin kula ne, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Ya kasance da sunanki da NIN ɗinki aka yi masa rajista, don in waya ta ɓata ki iya yin welkom-bak. Ki riƙa sa masa kati kina kira lokaci-lokaci, domin layin da aka yi watanni ba a taɓa ba kamfani yana sake sayar da shi, sabon mai shi kuma shi zai riƙa karɓar lambobin shiga shafukanki. Ki sa wa sim ɗin lambar kulle. Haka kuma duk saƙon da ya ce za a rufe shafinki cikin sa'o'i 24 in ba ki latsa wani wuri ba, tarko ne. Idan har an shiga Facebook ɗinki, ki rubuta facebook.com/hacked da hannunki ki bi matakan.

Ƙungiyarmu ta matasan unguwa tana da shafin Facebook da tashar YouTube. Wanda ya buɗe su ya tafi karatu, komai yana hannunsa, sai mun kira shi kafin a sa sanarwa. Ya ce zai ba mu kalmar sirrinsa. Mu karɓa?
*Sakataren ƙungiya, Jos*

Kada ku karɓa, Malam Sakatare. Kalmar sirrinsa ta asusunsa ce na kansa, da hirarrakinsa a ciki, kuma idan mutum huɗu suna shiga asusu ɗaya daga garuruwa daban-daban, Facebook na iya ɗauka sata ce ya kulle shi, shafin ƙungiya ya maƙale tare.

Abin da zai yi bai fi minti biyar ba. Ya shiga saitin shafin, sashen ba da izini, ya ƙara ku da asusunku na kanku. Izinin hawa-hawa ne. Mai cikakken iko yana iya ƙara mutum, ya cire mutum, har wanda ya buɗe shafin, yana kuma iya goge shafin ɗungurungum. Don haka cikakken iko na mutum biyu ne kawai amintattu, misali shugaba da sakatare; biyu, don in asusun ɗaya ya sami matsala ɗayan yana nan. Masu ɗora hotuna da amsa saƙo a ba su izinin wannan aikin kaɗai. YouTube ma haka: a cikin YouTube Studio akwai sashen izini inda ake gayyatar mutum ta imel a matsayin manaja ko edita. Ku buɗe imel na ƙungiya, ku rubuta a kundin taro wa ke riƙe da me, kuma duk lokacin da aka sauya shugabanni a sauya izini a ranar miƙa mulki.

Tunda kuna da tasha, ku ja kunnen masu ɗora bidiyo a kan waƙoƙi da fina-finan mutane. Gargaɗin haƙƙin mallaka uku a YouTube yana iya jawo rufe tashar gaba ɗaya.

Ni marubuci ne, ina son suna ɗaya a duk shafukana, amma akwai ƙ a sunan kuma ana ƙin karɓa. Sannan me zan yi don kada rubutuna ya salwanta in an rufe shafi?
*Marubuci, Damagaram*

Suna iri biyu ne, ɗan'uwa. Wanda ke bin alamar @ ba ya karɓar ƙ, ɗ, ɓ. A can sai k, d, b. Amma sunan da ake nunawa a saman shafi yana karɓa, sai ka rubuta shi daidai da ƙa'ida (allon rubutu na Gboard yana da Hausa). Rashin lanƙwasa a sunan @ ma ya fi, don mafi yawan masu nemanka ba sa sa lanƙwasa. Ka zaɓi sunan da bai wuce haruffa 15 ba, iyakar X ke nan, alhali Instagram na ɗaukar 30. Ka duba ko yana nan a duk wuraren kafin ka kama, ka sa hoto iri ɗaya.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter (X na yanzu). Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan sa'o'i shida a duniya baki ɗaya. Saboda haka kada ka fara rubutu a cikin akwatin Facebook kai tsaye. Ka rubuta a Google Docs ko wata manhajar rubutu, ka sa wa kowane aiki kwanan wata a sunansa, daga nan ka kwafa zuwa shafi. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail, Drive da hotuna suke rabawa. Rubutu ba ya cin wuri, bidiyo ne ke cika shi, don haka bidiyo ya tafi katin memori ko kwamfuta. Tsofaffin rubuce-rubucen da suka riga suka hau kuwa, a cikin saitin Facebook da Instagram akwai wurin neman kwafin duk bayananka. Ka nema duk bayan wata uku, ka sauke lokacin da kake da Wi-Fi ko datar dare. Masu karatunka na haƙiƙa kuma ka nemi izininsu ka ajiye lambobinsu ko imel ɗinsu a wani jeri na daban. In za ka aika musu ta jerin watsa saƙo na WhatsApp, mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa, don haka sai ka roƙe su su ajiye tun farko.