An sare mana dogon yaron ƙofar gida, ta ina za mu samu wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara masu aikin kwalbati suka sare dogon yaron da ke bakin titi a ƙofar gidanmu a Bolari, kututture kawai suka bari. Na ji ana raba dashe kyauta. Ta ina zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka je ko'ina, duƙa ka duba kututturen nan. Dogon yaro ba ya mutuwa da sara ɗaya. In ya yi toho, bar reshe ɗaya mai ƙwari ka cire sauran. Tsohuwar saiwa ce za ta ciyar da shi, kuma zai riga sabon dashe yin inuwa. Sai dai in yana manne da kwalbatin, to haƙura da shi, don saiwar za ta tsaga siminti, a sake sarewa.

Batun dashe kuwa, tun 2019 Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da ake kira 3G, wato Gombe Goes Green, da burin dasa bishiya miliyan ɗaya kowace shekara a jihar Gombe. Je sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ko na ƙaramar hukuma. Ni dai shawarata, kada ka je kai kaɗai: ku haɗu 'yan layi, mai unguwa ya sa hannu a takarda. Kuma ku nemi malamin daji ya zo ya ga wurin, tunda bakin titi ba filinka ba ne. Ya ɗaga kai ya duba wayar wuta, don maɗaci, alal misali, tsawo yake yi sosai.

Samun dashen ba shi ne aikin ba, rainonsa ne. A dasa a Yuli ko farkon Agusta, ƙasa ta sha ruwa. A matsa taku biyu ko uku daga kututturen, rami ya kai gwiwa, a yage ledar a hankali kada ƙasar jikin saiwa ta warwatse. Taki ruɓaɓɓe za a zuba, ɗanye gara yake kira.

Sannan awaki. Na sha ganin dashen da aka sa da safe, kafin la'asar ya koma tsinke. Ranar dashe ranar shinge, ko na ƙaya ko na bulo.

Daga Nuwamba har ruwa ya sauka, bokiti ɗaya duk kwana biyu ya wadatar. Ko ruwan alwalar gidan aka tara masa ya isa, amma ban da mai omo.