Ta ina zan fara sanin unguwar da ke tashe?

Malam, ka ce ka koma unguwar da ta fara tashe, kana neman yadda za ka san tarihinta. Ni dai shawarata, ajiye mota ka taka da ƙafa, da sassafe sannan da yamma, domin mutanen da za ka tarar ba ɗaya ba ne. Lura da sunayen tituna da tsofaffin masana'antun da aka mayar shaguna. Galibi arhar haya ce ke fara janyo masu sana'ar hannu, sai masu kuɗi su biyo baya, haya ta yi tashin gwauron zabo. Don haka yi hanzari ka zauna da dattawan da suka daɗe a layin, tun kafin tsadar ta tashe su.