Ma'anar erratic da inda ake sa ta

Kana tambayar ma'anar kalmar Turanci erratic, da ko ta dace a rahoton da za ka rubuta kan direban ofishinku. E, ta dace. Ana faɗin ta a kan hali ko aiki marar tsari, wanda ba ka iya cewa ga abin da zai biyo baya: yau ya iso ƙarfe bakwai, gobe sai azahar, jibi a neme shi a rasa. Shi ya sa jaridun Najeriya ke yawan rubuta erratic power supply, wato a kawo wuta a ɗauke ba lokaci.

Sharaɗin shi ne abin ya riƙa sauyawa. Wanda kullum sai ƙarfe goma yake zuwa makararre ne kawai, ai an san lokacinsa. Ni a irin wannan rahoto nakan jingina kalmar ga zuwa aiki, in ce his attendance is erratic, don erratic behaviour kan sa mai karatu ya zargi shaye-shaye ko taɓin hankali, alhali ba nufinka ke nan ba. Ka kuma duba rubutun da kyau, r biyu ce sannan a, kada wayarka ta gyara maka ita ta koma erotic, wadda ta shafi sha'awar jima'i.