Mutane na ɗaure fuska in na ɗaga kyamara, me zan yi?

Ka ce ka fara sana'ar ɗaukar hoton jama'a, amma kana ɗaga kyamara sai kowa ya sha mur. Ɗan'uwa, gaggawa ka yi. Ajiye ta tukuna, ka zauna da su, su san ka, su san inda hoton zai je. Nemi izini, na yara kuma wurin iyayensu. Wanda ya ƙi, ƙyale shi.

Seydou Keïta, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yawanci da hasken rana yake aiki, yana ara wa mutane agogo ko rediyo su fito yadda suke so a gan su. A ganina wannan dabara ta fi kyamara mai tsada.

In ka wanke hoton, kai wa mai shi ya gani kafin Facebook.