Injin lita 1.6, ƙarfin doki 1,063: ina sirrin Mercedes-AMG One yake?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni makanike ne a Kaduna. Na ga bidiyon wata mota wai ita Mercedes-AMG One, an ce injinta lita 1.6 ne, wato bai kai na Corolla da nake gyarawa kullum ba, amma wai ƙarfinta ya haura doki dubu. An kuma ce tana da batir, amma kilomita 18 kacal take yi da lantarki. To mene ne amfanin batirin? Ko dai duk kurarin talla ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Alƙaluman da ka ji gaskiya ne. Abin da ya ruɗa ka shi ne kana auna ta da ma'aunin motar gida, alhali injinta daga filin tseren Formula 1 aka ɗauko shi. A garin Brixworth na Ingila ake haɗa shi, a masana'antar da ke yi wa ƙungiyar tseren Mercedes injuna. Guda 275 kawai aka tsara ƙerawa, kowace a kan kuɗin da ya haura Yuro miliyan 2, kuma an saye su kaf tun kafin a miƙa ta farko.

Mu fara da girman injin, tunda nan ne sana'arka. Ka san lita 1.6 na nufin yawan iskar da silindoji ke iya ɗauka ne, ba ƙarfi ba. Ƙarfi yana zuwa ne daga yawan iska da fetur da inji ya ƙona a cikin minti guda. Hanya biyu ce ta ƙara shi ba tare da an ƙara girma ba: ko a cusa iska da ƙarfin tsiya, ko a sa injin ya riƙa juyawa da sauri. Wannan injin mai silinda 6 ya haɗa duka biyun. Yana da turbo babba, kuma yana kai juyi 11,000 a minti, inda na Corolla da wuya ya wuce 6,500. A irin wannan gudu, sifirin na ƙarfe yakan sha wahala wajen mayar da bawul ya rufe a kan lokaci, don haka aka cire shi aka sa matsin iska a madadinsa. Da wannan, injin fetur ɗin shi kaɗai yana ba da doki 574.

Sauran ƙarfin daga motocin lantarki yake, wato ƙananan injunan da ke juyawa da wutar lantarki, kuma huɗu ne. Ɗaya yana haɗe da injin kai tsaye, yana ƙara doki 163. Biyu suna gaba, kowace taya da nata, jimillarsu 326. Tara 574 da 163 da 326, za ka samu 1,063 daidai. Ka lura na huɗun bai shiga lissafin ba, duk da yana da ƙarfin doki 122, domin shi ba ya juya taya ko ɗaya. Ni kuwa a wurina shi ne abin da ya fi komai burgewa a motar nan.

Yana zaune ne a kan sandar turbo, tsakanin fankar da hayaƙi ke juyawa da fankar da ke tura iska cikin inji. Duk wanda ya tuƙa mota mai turbo ya san ɗan jinkirin nan: ka taka totur, sai ka jira hayaƙi ya taru kafin ƙarfin ya zo. Ƙaramin inji da ƙaton turbo kuwa, jinkirin ya fi muni. To wannan motar lantarkin ba ya jiran hayaƙi. Da ka taka, shi ne zai fizgi turbo ɗin, yana iya kai shi juyi 100,000 a minti. Idan kuma inji ya ɗauki wuta, hayaƙi ya yi yawa fiye da buƙata, sai ya rikiɗe ya zama janareto, ya mayar da rarar ƙarfin hayaƙin lantarki, ya tura wa batir ko sauran motocin. Ƙarfin da a motar gida yake fita ta salansa a banza, a nan tatsar sa ake yi.

Daga nan amsar tambayarka ta batir ta fito. Ba don tsimin mai ko doguwar tafiya aka sa shi ba. Ƙarami ne, kilowat-awa 8.4, yana aiki da bolt 800. An gina shi ne ya karɓi wuta da sauri, ya sake ta da sauri, sau da yawa a cikin minti ɗaya. Direba ya taka birki kafin kwana, motocin gaba sun zama janareto sun cika shi. Ya fito daga kwanar, batir ya juye abin da ya tara. Irin wannan shiga da fita tana haifar da zafi mai yawa, shi ya sa ruwan sanyaya yake ratsa kowane ƙwayar batirin. Da an sa babban batir mai kai kilomita 300, da nauyinsa ya kashe motar. Ko a haka ma ta kai kilo 1,695, duk da cewa gangar jikinta da zaren kabon aka yi ta. Kilomita 18 ɗin nan dai ta isa mutum ya fita daga unguwa ba tare da ya tashi maƙwabta ba.

Motocin gaban suna da wani aikin kuma. Tunda kowace taya da nata, kwamfuta na iya ba tayar waje ƙarfi fiye da ta ciki a cikin kwana, sai motar ta riƙa shiga kwanar kamar ana jan ta da igiya.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, samar da ƙarfin ba shi ne ya wahalar da injiniyoyin ba, wannan sun riga sun iya. An nuna samfurin motar a baje kolin Frankfurt a 2017, tare da direban tseren Formula 1 Lewis Hamilton, amma sai a 2022 ta kammala. Shekarun nan sun tafi ne wajen horar da injin tsere ya zauna lafiya a kan titi. Injin Formula 1 ko yana tsaye juyi yake yi da sauri sosai, kuma tawagar injiniyoyi ce ke tayar da shi bayan an ɗumama shi. Wannan kuwa dole mai shi ya danna maɓalli ya tashi, ya tsaya a danja, ya jure gosulo, kuma ya cika dokar hayaƙi ta Turai. Sai da suka sauko da juyinsa na tsaye zuwa 1,280 a minti ba tare da ya riƙa kakkarwa ko fitar da hayaƙi mai guba ba. Shi ya sa idan an tayar da motar, da lantarki take farawa, yayin da ake ɗumama matatun hayaƙin cikin salansa, irin waɗanda makanikai ke kira indomi. Sai sun yi zafi sannan injin fetur ya kama. A ganina wannan aikin ya fi alƙaluman gudun cancantar yabo.

Gudun kuwa ga shi: daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 2.9, zuwa 200 cikin daƙiƙa 7, iyakarta 352. Akwai motocin hawa masu aiki da lantarki zalla da suka fi ta saurin tashi. Inda ta yi zarra shi ne filin tsere mai kwana da yawa, domin tana da fukafukai masu motsi da ke sa iska ta danne ta a ƙasa, kuma tana iya sauke jikinta kusa da kwalta. A watan Satumba na 2024 direba Maro Engel ya zagaya titin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, cikin minti 6 da daƙiƙa 29, abin da babu motar titi da ta taɓa yi kafin nan.

Amma komai da farashinsa. Injin da ke juyi 11,000 ba ya daɗewa kamar na Corolla: bayan kilomita 50,000 sai an sauke shi an yi masa gyara na musamman. Giyarta mai hawa 7 ce da kulochi guda, don rage nauyi, saboda haka canjinta ba ya laushi kamar na motocin alfarma, kuma ƙarar da ke cikin ɗakin direba ba ta wasa ba ce.

Da wuya wannan motar ta shigo garejinka, amma dabarar turbo mai lantarki ta riga ta fara saukowa ƙasa. Tun 2022 Mercedes ta sa irinta, mai aiki da bolt 48, a C 43 mai injin lita 2. Irin waɗannan kam za su iso kasuwar motocin hannu ta Najeriya, don haka idan ka buɗe wata ka ga wayoyin lantarki masu kauri sun shiga cikin turbo, kada ka taɓa sai ka fara katse wutar batirin bolt 48 ɗin tukuna.